Na Yi Wa Kano Kishiya

Tun da na dawo daga hutun nan majalisa ta ƙi ni. Da na buɗe baki na ce "ai a Ƙurɗuba," sai tari ya kama kowa. Wani ya tuna yana da ɗaurin aure a Tarauni, wani ya miƙe neman buta alhali yanzu aka idar da la'asar. Aminina tun na makaranta, wanda ya fi kowa rashin ta-ido, cewa ya yi a kai ni a auna jinina. Yayata kuwa waya ta bugo daga Yakasai ta ce, "Ƙanena, an ce ka dawo da aljana, gaskiya ne?" To, tunda kun ƙi ji da kunne, ga shi a rubuce. Takarda dai ba a yi mata tari.

Na amsa laifina tun kafin a kai ni gaban alƙali: na yi wa Kano kishiya. Sunanta Ƙurɗuba, danginta suna kiran ta Kordoba, tana kudancin Sifaniya a yankin da har yau ake ce wa Andalusiya. Kada ku zaci yarinya ce ta ruɗe ni. Tsohuwa ce tukuf, Rumawa suka kafa ta fiye da shekara 150 kafin haihuwar Annabi Isa. Kwana biyu na yi niyyar yi a wurinta, na ƙare da tara. Hajiya mai ɗakina da ita aka yi komai, kuma ta ce in dai irin wannan kishiyar ce, in cike huɗu, ita za ta haɗa lefe.

Alhaji na kusa da mai shayi, na ji abin da ka faɗa, cewa da kuɗin nan da Umra na ƙara. Allah ya ba ka ladan nasiha. Amma kai da ka je Dubai sau shida, me ka gani banda kanti da matakala mai tafiya da kanta? Ka dawo da akwati huɗu da ciwon gwiwa, ko sunan unguwar da ka kwana ba ka riƙe ba, kuma babu wanda ya ce a auna jininka.

Haɗuwarmu ta farko ma ba da daɗi aka yi ta ba. Daga Madrid jirgin ƙasa mai gudun tsiya ya kawo mu, tafiyar kusan kilomita 400 a mota amma ko awa biyu bai cika ba, kuma tun 1992 yake wannan zirga-zirgar. Mai tasi ya sauke mu a bakin ganuwa, ya nuna mana wani lungu da hannu, ya ja motarsa. Mota ba ta shiga. Muka kama jan akwati a kan daɓen tsakuwa, tayoyin suna ƙara kamar injin markaɗe, lungu yana miƙa mu ga lungu. Hajiya ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Alhaji, duk wahalar bizar nan da muka sha, ashe Koki za ka kawo ni?" Akwai wani lungun da su kansu suke ce wa Lungun Hankici, don faɗinsa bai wuce na hankici in an ja shi ta kusurwa ba. Na shiga da babbar riga, sai da na tattare ta kamar mai tsallake kwata.

Sai da rana ta take na gane hikimar. Garin nan zafinsa ba na wasa ba ne, a watan Yulin 2017 ma'auni ya kai digiri 46.9, wato ko Kano a tsakiyar bazara sai ta sara masa. Amma a cikin lungun nan rana ba ta samun wurin zama. Bango ya yi wa bango inuwa, an shafe ko'ina da farar ƙasa, iska tana bi tana ratsawa. Da azahar kuma su rufe shaguna su tafi ƙailula, gari ya yi tsit har zuwa la'asar sakaliya. Wato sunnar da muke yi a ɓoye a ofis, su a bainar jama'a suke yin ta, babu mai ce musu malalata.

Masallacin kuwa, ku yi tarin ku gama, sai na faɗa. Da safe daga takwas da rabi zuwa tara da rabi shiga kyauta ce, in ban da Lahadi. Kun san Bakano da banza: kullum ina ƙofa tun kafin mai gadi ya gama ɗaura ɗamara. Ana fara shiga wani fili ne mai layin itatuwan lemo, da 'yan magudanan ruwa da aka yi da dutse suna kai wa kowace bishiya rabonta. Nan ne wurin alwala a da. Daga wannan haske sai ka faɗa cikin duhu-duhu mai sanyi, ka tsaya ido ya washe. Da ya washe sai ka ga ginshiƙai, sama da 850, sahu bayan sahu har inda ganinka ya ƙare, kowanne yana ɗauke da baka biyu, ɗaya bisa ɗaya, masu ratsin ja da fari kamar an yafa musu gwado. Jan tubali ne, farin dutse. Ni da aka sani da surutu, sai da Hajiya ta taɓa ni ta ce ko lafiya.

Wanda ya fara ginin ɗan gudun hijira ne. Abdurrahman, jikan halifofin Banu Umayya, ya tsira da ƙyar lokacin da Abbasawa suka ƙarar da danginsa a 750, ya ratso arewacin Afirka, ya karɓi Ƙurɗuba a 756, ya sa harsashin masallacin a 785. Abin da ya fi burge ni, kuma na san zai burge 'yan Ƙofar Wambai, shi ne ginshiƙan farko duk gwanjo ne. Daga kangayen Rumawa da na waɗanda suka gaje su aka kwaso su, wannan marmara ja, wancan baƙi, wani dogo, wani gajere. Gajeren aka yi masa takalmi, dogon aka nutsa ƙafarsa a ƙasa. Da aka ga duka ba su kai tsawon da ake so ba, sai magina suka ɗora baka a kan baka don rufi ya yi sama. Wato kyan da duniya take zuwa kallo, dabarar mai ƙaramin jari ce. Na bi su ɗaya-ɗaya ina duba gindinsu kamar mai sayen rago, har wani Bature ya zo ya tsuguna kusa da ni yana zaton wani abu na yar.

Sarakunan baya suka yi ta ƙari. Alhakam na biyu, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976, shi ya yi mihrabin da ake ta magana, an jera ƙananan duwatsu da gilasai masu ruwan zinariya sun zama ayoyi da rubutun Kufi, kuma daga Ƙusɗanɗiniya sarkin Rumawa Kirista ya aiko da gwanin aikin. Ƙarin ƙarshe aka fara shi wajen 987. Ku lissafa da kanku: Tarihin Kano ya sa hawan Bagauda a 999. Na san za ku ce ai tun kafin nan maƙera na narka tama a gindin Dala. Haka ne, ban musa ba. Cewa kawai nake yi a riƙa gaishe da amarya da ladabi, ba sa'ar wasan kowa ba ce.

Malam na ƙarshen tabarma, na ga ka gyara zama, na san inda za ka. Za ka ce, "To masallacin naka ana salla a ciki?" Ba a yi. Tun da Sarki Fardinandu na uku ya ci garin a 1236 aka mai da shi coci. A 1523 aka fara gina wata ƙatuwar majami'a a tsakiyarsa, ta fasa rufi ta yi sama. Hasumiyar ladan tana nan, amma an lulluɓe ta da ginin ƙararrawa. Musulmi zai shiga ya kalla, ba zai yi raka'a ba. Na tsaya gaban mihrabin nan da alwalata, wani abu ya tokare min maƙogwaro, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa ya wuce ba. A wani ɗan ƙaramin masallaci cikin lambun gari na riƙa yin sallolina, tare da 'yan Maroko da 'yan Senigal masu talla.

Amma Malam, kafin ka ce "ka gani ko," amsa min wannan. Mutanen da ba addininsu ba sun riƙe ginin nan shekara kusan 800, suna share shi, suna like tsagarsa. Mu namu tsohon masallacin Juma'a na ƙasa, mai doguwar hasumiyar nan, ina yake? Sai a hoto, wanda muke shiga yau na 1951 ne. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara tun ƙarni na 12 fa? Wani ya ɗebi ƙasarta ya yi bulo, wani ya kafa shago a kanta, mu kuma muna wucewa a mota da gilashi a rufe. Babu Fardinandun da ya zo ya yi mana wannan.

Kuma ma, jama'a, wa ya riga wani soyayyar nan? Ni kwana tara na yi da ita, ku kun shekara ɗaruruwa kuna zance a ƙofar gidansu ba ku sani ba. Kai mai cewa a auna ni, ba kai ne kake kaɗa kai in ana Ishiriniya da daren Mauludi ba? Alfazazi mai ita, wanda ya rasu a 1230, haifaffen Ƙurɗuba ne. Muwaɗɗar da ake karantawa a zaurukan Madabo ruwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, malamin Ƙurɗuba, can ya rasu a 848. In mai tafsiri ya ce "Ƙurɗubi ya ce," kuna zaton sunan yanka ne? Sunan garinsu ne. Alƙali Iyal mai Ashafa, da ake karantawa duk azumi, ya yi ɗalibta a can. Ibn Rushdi mai Bidaya can aka haife shi a 1126, ga gunkinsa ma a zaune a gindin ganuwa da littafi a gwiwa, yara suna hawa kafaɗarsa. Alfiyyar da ta sa ɗalibai kuka, mai ita ɗan Jayyan ne, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai. Ni laifina kawai na je na ga gidan surukai da idona, ku kuma kun tsaya a wasiƙa.

Har a bakinsu za ka ji dangantakar. Shugaban gari suna ce masa alkalde, kalmar da ta fito daga inda alƙalinmu ya fito. A bakin kogi, kusa da gadar Rumawa mai baka 16, akwai wata ƙatuwar ƙafar katako da a da take juyawa tana ɗebo ruwa zuwa lambun sarki. Irinta suna ce mata noriya. Na'ura ke nan, kalmar da muke liƙa wa kwamfuta da injin niƙa, ashe asalinta abin ɗiban ruwa ne. Tsohon masaukin fatake da rumbun hatsi suna ce masa alondiga, mu kuma muna da unguwa sukutum mai suna Alfindiki, duka daga funduƙ na Larabawa. Kogin ma, Gwadalkibir, Wadil Kabir ne aka tauna da haƙoran Turawa.

Masu tambayar me na ci, ku kwantar da hankalinku. Ƙafafun alade suna nan a rataye a shaguna kamar kilishi a Agadasawa, na koyi kalma biyu ta cewa a cire min, na tsira da su. Akwai wata miyar tumatir da burodi mai kauri da ake sha da sanyi, salmoreho, wadda Hajiya ta ce miyar da aka manta ba a ɗora ba ce. Akwai soyayyen yalo da zuma. Tuwo dai babu, kuma a nan uwargida ta yi wa amarya fintinkau, ban ɓoye ba.

Inda aka kama ni da gaske ba a masallaci ba ne, a tsakar gidan wata tsohuwa ne. A farkon watan Mayu suna da biki na buɗe gidaje, kowa ya shigo ya ga tsakar gida, har gasa ake yi tun 1921. Daga waje ba ka ganin komai sai farin bango da ƙofa. Ka shiga wani ɗan soro mai duhu, ka karya kwana, sai ga fili a buɗe, rijiya a gefe, ɗakuna sun kewaye, bango kuma tun daga ƙasa har indararo tukwanen furanni ne a rataye, ɗaruruwa, an shafa musu shuɗi. A unguwar San Basiliyo na tarar da ita, ta kai shekara tamanin, tana riƙe da doguwar gora da aka ɗaure wa gwangwani a kai. Ta tsoma a bokiti, ta ɗaga sama, ta karkata hannu kaɗan, ruwan ya zuba a tukunya ɗaya ba tare da ɗigo ya ɓata bango ba. Ta sauke, ta sake tsomawa, ta nufi ta gaba. Ba ta jin yarena, ba na jin nata. Ta nuna min kujera da haɓa, na zauna kusan awa guda ina kallon gwangwani yana hawa yana sauka.

A kujerar nan na tuna gidan kakata a cikin gari. Zaure, soro, karya kwana don kada baƙo ya hango mata, rijiya, inuwa, tukwane a jere. Har ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa iri ɗaya. Gidan da muka bari muka ce ya tsufa, babu wurin ajiye mota.

To, Yaya, a nan kika ci ni, kuma na san za ki karanta wa duk 'yan gidan. Ni ɗan Nassarawa GRA ne, unguwar da Turawa suka yanka wa kansu bayan sun ci Kano a 1903. Dokarsu ma cewa ta yi a bar fili na yadi 440 babu gini tsakaninsu da 'yan ƙasa, wai don kada sauron da ya cije mu ya cije su. Suka shuka maɗaci da darbejiya, suka buɗe tituna masu faɗi, kowane gida ya zauna a tsakiyar filinsa yana kallon waje. Da suka tafi muka gaji gidajen, muka gaji yadi 440 ɗin a zuciya, muka ƙara da katanga mai waya da ƙofar ƙarfe. Shekara goma sha ina zaune a layinmu, maƙwabcina na hagu a gilashin mota kawai muke gaisawa. Ga shi na sayi Yuro da tsada, na tsallaka teku, na je na zauna ina hawaye a kan zaure da rijiya, abin da ɗan adaidaita zai kai ni in gani daga Titin Audu Bako kafin shayi ya huce. Ku yi dariyar, halal ɗinku ce. Na ba ku minti biyu.

Ya isa haka. Saura labarin fata, wanda shi ya sa na taka kasuwar Kurmi bayan rabona da ita tun ana kashe kwabo.

Ƙurɗuba ta yi suna da jima, har Turawa suka sa wa wata irin fatar akuya sunanta. Suna kuma da wata fatar ado da ake shafa wa azurfa a yi mata zane, gwadamesi, sunan da ake danganta shi da Gadamus, garin Larabawan nan da jikokinsu suke Dandalin Turawa har gobe. Mu kuma kun san tsohon ciwonmu: jar fatar akuyar Sakkwato da Kano ta ratsa Sahara a bayan raƙumi, ta isa Turai, aka ce mata fatar Maroko. Na sayo wata 'yar jaka a can, na ce sai na kai wa masu abin sun gani. Na shiga Kurmi da ƙafa, na ɓace sau biyu, ni da na haddace lungunan Ƙurɗuba a kwana uku. Wani yaro ne ya kai ni rumfar dukawa, ya karɓi ladansa yana kallona kamar baƙon Legas.

Dattijon da na samu bai ce komai ba da farko. Ya karɓi jakar, ya shinshina, ya lanƙwasa bakinta ya sake, ya kai ta haske ya bi ɗinkin da farce. Ya ce, "Jimar ta yi. Ba da bagaruwa aka yi ba, amma ta yi." Sannan ya ce, "Nawa Alhaji ya saya?" Na faɗa masa da Yuro, ɗansa ya buga a waya ya mayar Naira, ya nuna masa. Tsohon ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake dubawa. Ya ce, "Allah ya mayar da alheri." Ya sa hannu ƙarƙashin benci ya jawo wata jar fata mai laushi kamar ƙyalle, rinin karan dafi, ya shimfiɗa min a gwiwa, ya ce in kai wa mutanen can in sun yarda a yi musaya, guda da guda, shi zai biya kuɗin mota. Na fito da abu biyu, fatarsa da jakata, kuma ba zan faɗa muku wadda Hajiya ta ƙwace ba.

Yanzu abin da ya rage fatawa ce, kuma da gaske nake, malamai ku duba min. Zaure iri ɗaya, littattafai iri ɗaya, jima iri ɗaya, har ƙailula iri ɗaya. Ina tsoron kada a bincika a tarar ya da ƙanwa na haɗa, a ce sai na saki ɗaya. In kuma dangin uwargida kun ce kotu za ku kai ni, bismilla, amma ku sani Tuhufar da alƙali zai buɗe ya yi mana hukunci da ita, Ibn Asim ne ya rubuta, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426, maƙwabcin amarya ne na ƙut da ƙut. Ku nemi lauya mai ƙwari.

Ranar Juma'a bayan la'asar ina nan tafe majalisa. Hotuna 1,400 ne a wayata, guda sittin kacal kuka gani. Na sayo maganin tari kwalba biyu, buta kuma na sa yaro ya cika guda biyar ya jera a gefen tabarma.